Tsakanin Inji da Taya

Ɗana, tunda ka fara riƙe sitiyari, zauna ka ji. Kana juye baƙin mai a kan lokaci, madalla. Sai dai inji ba ya taɓa ƙasa. Ƙarfin da ya samar sai ya bi hannu-hannu kafin ya isa taya, kuma a wannan tsakanin ne direbobi suka fi sakaci.

Kuloci ne na farko. Faranti ne da ake matsewa a jikin ƙarfen da inji ke juyawa: ka taka ya saki, ka ɗaga ƙafa ya kama. Wanda ya ɗora ƙafa a kansa yana tafiya, ko ya tsayar da mota a hawa da rabin kuloci maimakon ya ja birkin hannu, ya bar farantin bai kama ba, bai saki ba, yana ta gogawa yana cinyewa. Ƙaurin nan da kake ji a cunkoso, shi ne. Ran da ka taka totur inji ya yi ta kuka amma gudu bai ƙaru ba, to kulocin ya gama aiki. Kuma bakanike ba zai kai gare shi ba sai ya sauke giya ɗungurungum, ka biya kaya ka biya aiki.

Sai giya. A ƙaramar mota, giya ta ɗaya kan sa inji ya juya wajen sau 14 kafin taya ta zagaya sau ɗaya. Da haka take iya tashi da lodi. Kar ƙyuya ta sa ka tashi da ta biyu.

Hilux, Hiace, da Peugeot 504 da aka haɗa a Kaduna, duk tayoyin baya ne ke tura su. Farfela ce ke kai ƙarfin har aksul, inda wasu haƙora ke raba shi gida biyu, su kuma bar tayar waje ta fi ta ciki sauri a kwana, don tafiyarta ta fi nisa. Dabarar tana da illa a damina: taya ɗaya ta faɗa taɓo, sai ta yi ta wulwulawa, ɗayar na tsaye. Kar ka yi ta ba ta wuta. Sauka ka cusa dutse ko itace a ƙarƙashin mai wulwulawar. Man aksul da na giya kuwa, yaushe rabonka da ka sa a duba su?

Golf da Corolla da gaba suke ja, ta shaf biyu, kowanne da gaɓoɓin da roba ta rufe da giris a ciki. Robar nan ba ta da tsada, amma in ta yage, giris ya fice, yashi ya shiga. Duk ran da aka ɗaga motar a gareji, leƙa ka duba ta da idonka, tun kafin ka fara jin ƙas-ƙas-ƙas in ka karya kwana, don a lokacin ba roba za ka saya ba, shaf ne.