Wa Ke Da Haƙƙin Riƙon Ɗa Bayan Saki?

 

Ya kai ɗan'uwa matashi na Rogo Sabon Gari da kewaye, ka sani cewa akwai wata al'ada da muka taso muka tarar, har wasu suna zaton addini ce. Wato mutum ya saki mace, da zarar ta yaye sai ya aika a karɓo masa ɗansa, wai ai ɗa na uba ne. Sai a ɗauko yaro ɗan shekara 2 a miƙa wa kishiyar uwa. To, ina aka samo wannan?

Malam Maliku ya kawo a cikin Muwaɗɗa cewa Sayyidina Umar ya rabu da wata matarsa Ba'ansariya, uwar ɗansa Asimu. Wata rana ya tarar da yaron yana wasa a Ƙuba, sai ya ɗauke shi. Kakar yaron ta wajen uwa ta biyo shi, suka kai ƙara gaban Sayyidina Abubakar. Halifa ya umarci Umar ya bar mata yaron, kuma Umar bai ƙara cewa uffan ba. Umar ne fa! To kai wane ne?

A mazhabar Malikiyya, wadda alƙalanmu suke hukunci da ita, uwa ita ke da haƙƙin reno. Namiji yana hannunta har ya balaga, mace kuwa har ta yi aure ta tare. In uwar ta auri bare, haƙƙin ya koma ga mahaifiyarta, sannan 'yar'uwarta, tun kafin a zo kan dangin uba. Duba Risala ta Ibn Abi Zaid, babin idda da ciyarwa. Kai kuma abin da ke wuyanka shi ne ci da sha da sutura da magani da karatun yaron, gwargwadon ƙarfinka, ko noma kake yi ko ci-rani. Aya ta 233 a Suratul Baƙara ta hana a cuci uwa ta hanyar ɗanta. Wanda ya ce ba zai ba da ko kwabo ba sai an ba shi ɗansa, cikin ɗansa yake horarwa da yunwa.

Haka nan sakin kansa yana da ƙa'ida. Saki ɗaya ake yi, a cikin tsarkin da ba ka kusance ta ba, kuma ta yi idda a ɗakinta, kamar yadda farkon Suratuɗ Ɗalaƙ ya nuna. Amma sai fushi ya ɗebe ka, ka rubuta uku a takarda, ka watso mata kaya waje, gobe ka dawo kana neman malamin da zai ɗinke maka, ko mai auren kisan wuta wanda Annabi (SAW) ya la'anta.

In rigima ta taso, fara da abin da aya ta 35 a Suratun Nisa'i ta koyar: dattijo ɗaya daga danginka, ɗaya daga nata. In ya faskara, ga Hukumar Hisba wadda Jihar Kano ta kafa da doka a 2003, sulhu tsakanin ma'aurata yana cikin aikinta. In nan ma ya ƙi, sai kotun Shari'a. Ka tafi da shaidunka da takardar saki, ka faɗi gaskiya ko da a kanka take. In hukunci bai gamsar da kai ba, kana da damar ɗaukaka ƙara har Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a Kano. Kuma idan ita ce ta kai ka, kada ka ce ta tona maka asiri, haƙƙinta ta nema. Ka amsa sammaci.

Ɗan'uwa, alƙalin duniya ana iya ruɗa shi da iya magana, amma yaron nan zai girma ya ji labari, kuma akwai ranar tsayuwa gaban Allah. Allah Ya ba mu ikon bin Sunna, Ya shirya mana zuriyarmu, amin.