Nawa Ya Kamata Mu Kashe a Kyautar Malamin Yaranmu?

Karatu: 1 Sama'ila 9:1-10

Akwai lokuta uku a shekara da wannan tambaya kan shigo gidajenmu: watan Yuli, sa'ad da makarantu ke rufe shekarar karatu, ranar 5 ga Oktoba, wadda aka keɓe wa malamai a duniya tun 1994, sai kuma Disamba, gab da Kirsimeti. Yaro ya dawo gida ya ce, "Mama, kowa a ajinmu zai kai wa Anti kyauta." Daga nan lissafi ya fara. Turmin atamfa za a saya ko sabulu? Naira dubu biyu ta yi kaɗan? Dubu ashirin ta yi yawa? A wani gidan har gardama takan tashi tsakanin miji da mata.

Wani zai ce maganar ba ta kai a kawo ta cikin littafin ibada ba. Amma duk inda kuɗi ya haɗu da zuciya, Ubangiji yana da abin faɗa. Wannan kyauta kuwa tana taɓa mutum huɗu: mai bayarwa, malamin da zai karɓa, yaron da zai kai, da ɗan maƙwabcinmu wanda zai zo aji hannu wofi.

Tambayar tsohuwa ce. Shawulu ɗan Kish ya fita da baransa neman jakunan mahaifinsa, suka yi ta yawo ba su same su ba. Baran ya ba da shawara su je wurin mutumin Allah da ke wani gari kusa. Abin da ya fara damun Shawulu shi ne abin da za su kai masa, domin guzurinsu ya ƙare. Baran ya duba abin da ke hannunsa, ya sami rubu'in shekel na azurfa, abin da nauyinsa bai wuce kimanin giram 3 ba. Da wannan suka kama hanya. Shawulu ɗan mai hali ne, amma bai koma gida ɗauko abin burgewa ba, bai kuma fasa zuwa don kunyar ƙanƙantar abin ba. Ya ga bai dace ya je hannu wofi ba, ya kuma tafi da abin da yake akwai. Waɗannan biyu su ne tushen amsarmu.

Da farko, yi wa malami kyauta abu ne mai kyau. Yaranmu suna yin awa biyar ko shida a hannunsa kowace ranar makaranta. Shi ne yake kama hannun yaro har ya iya rubuta sunansa, ita ce take share majinar ɗan nazire, take lura da yaron da zazzaɓi ya kama kafin iyayensa su sani. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kuɗin mota da na abinci suka yi sama. A 2024 aka mai da mafi ƙarancin albashi Naira 70,000, amma muna zaune da malaman ƙananan makarantun kuɗi waɗanda abin da suke ɗauka bai kai haka ba. Iyayenmu a ƙauye sun san darajar malami: idan kaka ta yi, sukan aika masa da doya, ko acca, ko kaza. Maƙwabtanmu masu makarantar allo suna da kuɗin Laraba. A Galatiyawa 6:6 manzo Bulus ya umarci mai koyon Maganar Allah ya raba abubuwa masu kyau da mai koya masa. Maganar ta shafi masu koyar da Kalma ne kai tsaye, amma zuciyar da ta koyi godiya a ikkilisiya ba za ta manta da ita a ƙofar makaranta ba. Kutare goma Yesu ya warkar, ɗaya ne ya dawo godiya, Ubangiji kuwa ya tambayi inda taran suke.

Sai dai kafin kyauta akwai hakki. Ɗan'uwa, idan makaranta tana binka kuɗin zango, wannan ne farkon abin da za ka kai. A yawancin makarantun kuɗi, daga abin da iyaye suka biya ake fitar da albashi. Idan iyaye suka riƙe kuɗin makaranta, albashin malami ne yake makara. Uban da ake binsa bashin zango biyu, ya kuma aika wa malama da agogo mai tsada, ya ba ta da hannun dama abin da ya hana ta da hannun hagu. Yakubu 5:4 ya gargaɗe mu cewa ladan ma'aikaci da aka danne yana kuka, kukan kuwa yana kaiwa kunnen Ubangiji. A biya bashi tukuna, abin da ya rage shi ne filin kyauta.

To, nawa? Littafi Mai Tsarki bai yanka farashi ba, amma ya ba mu ma'auni. A 2 Korintiyawa 8:12 Bulus ya nuna cewa idan niyya tana nan, ana karɓar bayarwa gwargwadon abin da mutum yake da shi. A sura ta 9 aya ta 7 ya ƙara da cewa kowa ya bayar yadda ya ƙudura a zuciyarsa, babu ɓacin rai, babu tilas. Saboda haka kuɗin da aka ciro daga cefanen gida, ko daga kuɗin maganin yaro, ko aka ranto wurin mai adashi don kada a ji kunya, ya wuce ma'auni, ko da dubu ɗaya ce. Ka gwada kanka da wannan: bayan ka miƙa kyautar, za ka iya komawa gida kana murna, ko za ka kwana kana lissafin abin da ta ci maka? Kyautar da ta bar gunaguni a gidanka ba za ta kai albarka gidan malami ba. Kada kuma ka auna aljihunka da na wani. Duk wanda ya daka ta mutane zai rasa turmin daka tasa. Ubangiji Yesu ya zauna yana duban masu zuba baiko a haikali, masu arziki suka zuba da yawa, amma gwauruwar da ta sa 'yan tagulla biyu ita ya yaba.

Wannan ya shafi marar ƙarfi. Mai hali fa? Idan Allah ya buɗa maka, dubu ɗari ba za ta girgiza gidanka ba, ashe ba sai ka bayar da yalwa ba? Wani ma zai kawo misalin matar da ta fasa tulun turare mai tsada ta zuba wa Yesu, turaren da aka ƙiyasta ya fi dinari 300, Ubangiji kuwa ya kāre ta daga masu gunaguni. Gaskiya ne, Allah yana son hannu mai sake. Amma akwai bambanci. Malamin ɗanka alƙali ne a cikin ajinsa. Shi yake ba da maki, shi yake zaɓen shugaban aji, shi yake yanke hukunci idan yara biyu suka yi faɗa. Fitowa 23:8 ya hana karɓar hanci, dalilin da ya bayar kuwa shi ne hanci yana makantar da masu gani. A lura, masu gani aka ce. Mutumin kirki ma idonsa yana iya rufewa. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Malamar da ta karɓi kyautar da ta kai rabin albashinta, ranar da ɗanka ya faɗi jarrabawar lissafi hannunta zai yi nauyi a kan jan biro. Ko da ba ka nufi haka ba, ka ɗora mata kaya. Don haka kyauta ga malami tana da iyaka ta sama: kada ta yi girman da zai hana shi faɗa maka gaskiya game da ɗanka.

Lokacin bayarwa ma yana magana. Buhun shinkafa da aka kai mako ɗaya kafin jarrabawa, da wanda aka kai bayan an raba sakamako, nauyinsu ɗaya a sikeli, amma ma'anarsu ba ɗaya ba ce. Na farko yana roƙo, na biyu yana godiya. Ga tambayoyi uku da za su tona maka zuciyarka. Da ɗanka ne ya zo na ƙarshe a aji, za ka ba da wannan kyauta? Da malamin zai bar makarantar gobe, ba zai ƙara koya wa wani naka ba, za ka bayar? Da shugaban makaranta da sauran iyaye za su ji, hankalinka zai kwanta? Idan amsar ɗaya daga cikinsu a'a ce, abin da ke hannunka ya fara komawa toshiyar baki, ko da an naɗe shi da takarda mai ƙyalli. Akwai makarantun da suka kafa doka a kan kyauta, har wasu sun hana ta gaba ɗaya. Mai bi ya tambaya, ya kuma bi dokar.

Kada mu manta da yaron da ba shi da abin kaiwa. A kowane aji akwai maraya, akwai wadda mahaifinta ya rasa aiki, akwai waɗanda rikici ya koro daga ƙauyensu. Ranar rufe makaranta, sa'ad da yara ke jera kyaututtuka a kan tebur, shi yana zaune a baya yana kallon ƙasa. Yakubu ya tsawata wa ikkilisiyar da ta ba mai zoben zinariya kujera mai kyau, ta bar matalauci a tsaye. Idan kyautarmu ta zama gasa, mun gina irin wannan wariya a cikin aji, a gaban yara ƙanana. Hanyar da ta fi ita ce iyaye su haɗa hannu, kowa ya kawo abin da zai iya, a miƙa da sunan ajin gaba ɗaya. Kada a yanka wa kowa adadi, kada kuma a fitar da jerin sunaye da abin da kowa ya bayar. Nan ne mai hali zai sami wurin yalwarsa: ya zuba da yawa a cikin na kowa, a ɓoye, yadda Yesu ya koyar a Matiyu 6, Uba mai ganin abin da ke ɓoye kuwa zai sāka masa. Malami ya amfana, lamirinsa bai ɗaure ga kowa ba, babu yaron da ya ji kunya.

'Yar'uwa, idan a bana babu ko sisi, kada ki hana yaronki zuwa makaranta ranar don kunya. Ki je da ƙafarki ki gaishe da malamar, ki faɗa mata takamaiman abin da ɗanki ya koya a hannunta: "Da ba ya iya karatu, yanzu shi yake karanta mana nassi da safe." Malamai da yawa sun fi jin ƙorafin iyaye fiye da godiyarsu, irin wannan kalma takan daɗe a zuciya bayan sabulu ya ƙare. Ki sa yaron ya rubuta wasiƙar godiya da hannunsa. Idan akwai mangwaro ko gyaɗa a gida, ki ɗebo. Ki kuma ambaci sunan malamar a addu'ar iyali. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

Ku malamai da ke cikin ikkilisiya, akwai naku rabon. Mutumin Allah da Shawulu ya je nema Sama'ila ne. Nassin bai ma sake ambaton rubu'in shekel ɗin ba. Sama'ila ne ya zaunar da baƙon nan a wuri mai daraja, ya ciyar da shi. Da ya tsufa kuma, ya tsaya a gaban dukan Isra'ila ya ce duk wanda ya taɓa karɓar hanci a hannunsa ya fito ya faɗa, ba a sami ko mutum ɗaya ba. Elisha ya ƙi dukiyar Na'aman, Gehazi ya bi shi a baya ya karɓa, ya gaji kuturtarsa. Ku karɓi ƙaramar kyauta da fara'a, kada ku buɗe ta a gaban aji, kada ku yi wa yara habaici don su kawo. Wadda zuciyarku ta ce ta yi nauyi, ku mayar cikin ladabi. Yaron da bai kawo kome ba kuwa, ku kira sunansa da murmushi iri ɗaya.

Iyaye, yaranmu suna kallo. Wanda ya ga an kai kyauta don a gyara masa maki ya koyi cewa kome yana da farashi, gobe kuwa zai kai wannan darasi ofis da kasuwa. Wanda ya ga an kai don godiya ya koyi girmama wanda ya yi masa wahala. Saboda haka miji da mata su zauna tare su yi addu'a, su biya abin da ake binsu, su yanke adadin da gidansu zai iya da farin ciki, su tabbata bai kai girman da zai ɗaure malami ba, su jira a raba sakamako, sa'an nan su miƙa ba tare da jiran wani abu ba. Gida ɗaya amsarsa kwanon ƙwai ce, wani turmin atamfa. Ubangiji mai duban zuciya yana karɓar duka biyun.

Addu'a: Ya Uba na sama, mun gode maka domin malaman da ka sa a kan yaranmu. Ka biya musu bukatunsu, ka ƙarfafa su a cikin aikinsu. Ruhu Mai Tsarki, ka tsabtace nufin zuciyarmu, ka cece mu daga rowa, da fahariya, da tsoron bakin mutane. Ka koya mana bayarwa da gaskiya da farin ciki. Ka tuna da yaran da ba su da abin kaiwa, ka zama Uba a gare su. A cikin sunan Yesu Kristi muka roƙa. Amin.