Sirki da Algus: Ina Iyakarsu?

Fenti ba ya shafuwa yadda ya zo a bokiti. Mai fenti a Batsari ko Safana sai ya tsinka shi, na ruwa da ruwa, na mai kuma da tina ko kananzir. In ya yi kauri, buroshi ya bar sawu a bango. In ya tsinke da yawa, ya riƙa zuba, siminti yana leƙowa. Masu ƙera ƙananan samfurin jirage da motoci sukan fara da kashi 1 na fenti, kashi 1 na tina, sannan su daidaita da ido. Ke nan sirki yana cikin sana'ar kanta. To a ina yake tsayawa, algus ya ɗora?

Malaman Malikiyya sun warware irin wannan a babin tsarki. Ishmawi da Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a 996, littattafan da ake karantawa a zaurukan ƙasar Katsina, sun ɗora hukuncin ruwa a kan siffa uku: launi, ɗanɗano da ƙamshi. Idan abu mai tsarki kamar nono ya sauya ɗaya daga ciki, ana iya sha ko girki da ruwan, amma ba a alwala da shi. Idan najasa ce ta sauya shi, ya haramta ga duka biyun. An yi rangwame ga ruwan da mazauninsa ya jirkita, shi ya sa jan ruwan tafki na damina yake tsarkakewa. Shafi'iyya sun sa awon yawan ruwa, ƙulla biyu, a sha'anin najasa. Malikiyya kuwa siffa suke dubawa, kuma wannan ya fi kusa da yadda mai aikin hannu yake gane kayansa.

Alaramma ya san haka a kurtun tawadarsa. Gawayi ne da ƙaro da ruwa. In ta daskare sai ya ɗiga ruwa, ya motsa da alƙalami, ya ja layi a gefen allo. Muddin baƙin ya zauna, harafi ya fito fes, tawada ce, komai yawan ruwan da ta sha. Da zarar ta koɗe, ta tashi daga aikinta.

Sai dai siffa kaɗai ba ta gama magana a ciniki, domin fentin da aka cika wa ruwa yakan yi kyau ranar shafi, sai damina ta tona shi. Nan ne sharaɗi na biyu yake shigowa, wato sanin mai kaya. Sahihu Muslim ya ruwaito yadda Manzon Allah (SAW) ya sa hannu cikin tarin abincin wani ɗan kasuwa ya ji damshi a ƙasa, ya tambaye shi dalilin da bai sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani ba, sannan ya barranta daga mai algus. Laifin yana ga ɓoyewar, tun da ruwan sama ne ya jiƙa abincin.

Saboda haka maigidan da kuɗinsa bai kai ba, ya ce a tsinka masa bokiti biyu su isa ɗaki uku, babu wanda ya cuce shi. Mai fentin da ya karɓi kuɗin bokiti uku ya shafa biyu bai faɗa ba, ya ci haram, ko da bangon ya yi sheƙi ranar.