Koci Ke Cin Ƙwallo Ko Ƙafar Ɗan Wasa?

A gidan kallon ƙwallon da nake zuwa a Funtuwa, da zarar ɗan wasan gaba ya ɓarar da ƙwallo a bakin raga, sai ka ji ihu: "A kori kocin nan!" Mako na zagayowa ƙwallo ta shiga, sai kocin ya koma gwani. Shin adalci ne a yabi mutum ko a zarge shi a kan abin da ba duka ne ke hannunsa ba?

Dubi Kano Pillars. Ta ɗauki kofin gasar Najeriya a 2008 da Kadiri Ikhana, a 2012 da 2013 da Baba Ganaru, a 2014 da Okey Emordi. Koci uku, kofi huɗu. A Ingila kuwa, Claudio Ranieri ya kai Leicester ga kofi a 2016, aka sallame shi a Fabrairun 2017. Basirarsa ce ta ƙare cikin wata tara?

Wannan ba ya nufin koci ɗan rakiya ne. Shi ke koya wa 'yan wasa inda za su tsaya, da lokacin da za su ruga, da yadda za a buɗe bayan abokan hamayya. Iyakarsa ya kai ƙwallo bakin raga sau da yawa. Bugun ƙarshe na ɗan wasa ne, wani lokacin ma turken raga ke yanke hukunci.

Manomin Malumfashi ya san wannan. Ya yi huɗa, ya sa taki, ya yi firi da maimai a kan kari, sai ruwa ya ɗauke masara na goyo. Maƙwabcinsa ya yi sakaci bara, damina ta rufa masa asiri. Wanda ya auna su da yawan buhu kaɗai ya zalunci ɗaya, ya ruɗi ɗayan.

A aikina na rubuta manhaja ma haka ne: mummunan tsari kan yi shekara bai tona kansa ba, mai shi yana shan yabo.

Don haka kafin ka ce a kori koci, ƙirga damar da yaransa suka samar, wasa bayan wasa. Wannan ne nomansa, a kansa ya kamata a tuhume shi. Haka malamin da ɗalibinsa ya faɗi jarrabawa, haka uban da ɗansa ya lalace. Ka fara tambaya: ya nome gonarsa?