Lokutan Salla a Ɗakin Jirgin Ruwa Marar Taga

Ɗakin ciki, marar taga, shi ne mafi araha a jiragen ruwa na yawon shaƙatawa. Da an kashe fitila, azahar da tsakar dare duk ɗaya ne a cikinsa. Nan tambaya take ga Musulmi, domin da tafiyar rana aka ɗaure lokutan salla. Agogon jirgi kuwa kyaftin ke saita shi, yakan kuma saɓa da na gaɓar da aka dosa. Alƙibla ma juyawa take yi ga wanda ke ciki idan jirgi ya sauya hanya, kuma malaman Malikiyya sun ce mai salla ya juya tare da ita idan zai iya. Zaɓen ɗakin halal ne, amma mai shi sai ya riƙa hawa saman jirgi yana duba alfijir da faɗuwar rana, musamman a watan azumi.