Mishan: Sunan Gini Ne Ko Aike?

Idan aka ce "mishan" a ƙasar Hausa, abin da yake fara zuwa zuciya shi ne makarantar mishan, ko asibitin mishan, ko kuwa Turawan nan masu doguwar farar riga. Wasu maƙwabtanmu ma sukan faɗi "'yan mishan" da ɗan tsuke baki. Amma kalmar ba sunan gini ba ce. Ta iso mana ta bakin Ingilishi, asalinta kuwa Latin ne, "missio", wato aike. Daga wannan saiwa ce sunan Mas ya fito, domin da kalmar sallama Fada yake rufe sujada, yana aiken jama'a su fita.

A ƙarni na 16 ne Jesuwit suka fara kiran tura masu wa'azi zuwa ƙasashe masu nisa da wannan suna. Irin wannan aike ya taɓa ƙasarmu tun kafin zuwan Lugga: a 1711 Fada biyu na ƙungiyar Faransiskan suka keto Sahara daga Tarabulus, ta Agadas, suka iso Katsina, a nan cuta ta ɗauke su. Ba su bar coci ko makaranta ba, duk da haka mishan suka yi, gama an aiko su, sun kuwa zo.

A yau kalmar ta bazu, har Majalisar Ɗinkin Duniya takan kira rundunar da ta tura kiyaye zaman lafiya da ita. Mu ne muka ƙuntata ta, muka mai da ita aikin baƙi. Taron Vatikan na Biyu ya gyara wannan a 1965, inda ya koyar cewa Ikilisiya duka aikakkiya ce bisa ga halittarta.

A 2023 Paparoma Francis ya yanke Dayosis na Katsina daga Sakkwato, ya naɗa Bishop Gerald Mamman Musa, Bahaushe ɗan ƙasa. To, wa muke jira kuma? Kirista da ke zaune a Mashi, ko malamin makaranta ne, ko mai jinya, ko ɗan tireda, ba shi da yawa, kuma idon gari yana kansa. Mudunsa a kasuwa da zuwansa gaisuwar mutuwa gidan maƙwabci Musulmi, su ne wa'azin da za a fara ji.

A Lahadi ta kusa da ƙarshe a watan Oktoba, Ranar Mishan da Paparoma Pius na 11 ya kafa a 1926, baikon da muka tara zai bar ƙasar nan, ya haɗu da na sauran ikilisiyoyin duniya.