Ƙofar da Uwa Ta Ƙi Buɗewa

A ƙarshen fim ɗin Real Women Have Curves, wata budurwa 'yar shekara 18 mai suna Ana tana tsaye a ƙofar ɗakin mahaifiyarta, tana ƙwanƙwasawa. Ta gama haɗa kayanta, jirgi zai ɗauke ta zuwa New York. Abu ɗaya take roƙo, uwar ta fito ta sa mata albarka. Uwar tana ciki, tana jin ta, amma ta ƙi fitowa. Mahaifinta da kakanta ne suka raka ta filin jirgi. Tun ranar da na kalli wannan wuri nake tambayar kaina, wa ya zalunci wani a tsakaninsu?

Fim ɗin ya fito a 2002. Patricia Cardoso ce ta ba da umarni, an kuma ɗauko labarin daga wasan kwaikwayon da Josefina López ta rubuta. America Ferrera ta fito a Ana, Lupe Ontiveros kuma a mahaifiyarta Carmen. Iyalin 'yan asalin Meziko ne da ke zaune a gabashin Los Angeles. Kullum Ana tana shiga motar haya zuwa makaranta a Beverly Hills, unguwar masu hannu da shuni, ta dawo gidan da Sifaniyanci ne harshen iyaye. Da taimakon malaminta ta samu gurbi a Jami'ar Columbia, karatu kyauta. Carmen ta ce ba ta san zancen ba. Abin da take so shi ne Ana ta shiga shagon ɗinkin yayarta Estela, ta taimaki gida, ta yi aure.

Zai yi sauƙi a ce uwar ce muguwa, amma a saurari hujjarta tukuna. Tun tana 'yar shekara 13 take aiki. Ɗinki ya cinye mata ƙarfi da lafiya. A ganinta gida ya tsayu ne saboda kowa ya ajiye son ransa ya ɗauki nasa kason na wahala, yanzu kuma layi ya zo kan Ana. Wanda ya san abin da baƙunta ke yi wa iyali zai gane tsoronta. Mutumin da ya bar ƙasarsa ba shi da dangin da ya wuce 'ya'yansa, idan suka watse kuwa ya yi hasara sau biyu.

Sai dai Ana ta ga wani abu a shagon. Ana biyan su dala 18 a kan rigar da za a sayar dala 600 a babban kanti. Zafi kamar gidan burodi, amma ba a kunna fanka don kada ƙura ta ɓata kaya. Wannan ne gadon da ake cewa ta karɓa da sunan al'ada. A nan nake ganin Carmen ta haɗa abu biyu da ya kamata a raba. Zumunci da tsayawa tare al'ada ce mai kyau. Talauci kuwa hali ne da ya same su, ba su suka zaɓe shi ba. Ɗa ba ya biyan wahalar iyayensa ta hanyar maimaita ta. In da haka ake biya, to me ya sa suka ƙetare iyaka tun farko?

Ita ma Ana ba ta fita fes ba. Da farko kallon raini take yi wa shagon da matan da ke cikinsa. Sai da ta riƙe dutsen guga ta yi gumi tare da su, sannan ta gane ƙwarewar yayarta, har ta roƙi mahaifinsu ya ba Estela rance lokacin da shagon ya shiga matsi. Da ta tafi kafin wannan darasi, da gudu ne ta yi. Da ta tafi bayansa, ta san kan wuyan wa ta taka.

Mu da muka tashi muna jin cewa albarkar uwa garkuwa ce, wannan ƙofa tana da nauyi a zuciyarmu. Yarinya nawa ce ta ninke takardar shiga jami'a ta ajiye a ƙasan akwati saboda an ce garin ya yi nisa? Gaskiya ne abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Amma babba ma yakan hangi tsoronsa ya ɗauka hatsarin ɗansa ne. Albarkar da aka mayar da ita igiya ta rage daraja, kuma alhakin hakan yana kan mai riƙe da ita.

Abin da ya sa ban kira Ana butulu ba shi ne ƙwanƙwasawar nan. Ta samu yardar mahaifinta, tana iya wucewa abinta, amma ta tsaya ta roƙa. Haƙƙin da ke kanta bai ƙare a filin jirgi ba. Zai bi ta har New York, ta riƙa kira, ta riƙa aike, ta riƙa dawowa bakin ƙofar ko sau nawa za a ƙi buɗe mata. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, ko kai ne ɗan, ko kai ne mahaifin.